RANA BA TA ƘARYA: Sharhi Kan Lissafin Zamani a Labaran Zane na Sadaukan Gobe

Gabatarwa

Duk marubucin da ya buɗe labarinsa da cewa abin ya faru ne a shekara kaza mai zuwa, to ya sa rana ke nan. Hausawa kuwa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Shekarar da ya ambata za ta zo, ko yana raye ko ba ya raye, kuma mai karatu zai ɗauko littafin ya auna shi da abin da idonsa ke gani. Wannan sharhi zai duba yadda masu labaran zane na sadaukai suka yi fama da wannan matsala, da yadda makarantansu ke zama su jeranta abin da ya riga wani aukuwa, sannan da darasin da mu marubutan Hausa za mu ɗauka, musamman matasanmu da suka fara sha'awar rubuta labaran zamanin da bai zo ba.

Abin da muke nufi da labaran zane shi ne irin mujallun nan da ake ba da labari da hotuna a jere, magana tana fitowa daga bakin mutum cikin ɗan da'ira. Ba baƙi ba ne a wurinmu. Manyanmu a Sabon Gari da Samaru suna tune da Lance Spearman na mujallar African Film, wanda aka yi yayinsa a ƙarshen shekarun 1960, ko da yake shi da hotunan kyamara aka yi shi. A 1975 aka fito da Powerman, sadaukin da wasu Turawan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka riƙa zanawa domin kasuwar Nijeriya. Daga baya na kamfanonin Marvel da DC na Amurka suka riƙa shigowa ta hannun masu sayar da tsofaffin littattafai. Yawancin waɗannan sadaukai a zamanin mai karatu suke rayuwa. Waɗanda suka dame mu a nan su ne waɗanda aka kai su gaba.

Amina Ta Iso 2025

Bari mu fara da misalin da ya taɓa Zazzau kai tsaye. A 2015 wani ɗan Nijeriya haifaffen Legas mazaunin Amurka, Roye Okupe, ya fitar da littafin zane mai suna E.X.O., labarin wani saurayi, Wale Williams, da ya gaji wani sulke na ƙere-ƙeren zamani daga mahaifinsa, yake yaƙar 'yan ta'adda da azzalumai a wani birni da aka ƙera shi da siffar Legas. Shekarar da marubucin ya sa wa labarin ita ce 2025. A 2017 kuma ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya ta daular Azzaz a ƙarni na 15, wadda ba a ɓoye ba cewa daga Sarauniya Amina ta Zazzau aka samo ta. Ko sunan daular ma, kowane Bazazzagi zai gane inda aka dosa. A kashi na gaba na labarin sai aka tsallako da Malika daga zamaninta aka jefo ta cikin 2025, wato zamanin Wale Williams.

Wannan dabara tana da kyawunta, kuma ya kamata a yaba. Marubucin ya kafa turke guda ya ɗaure littattafansa a jikinsa, ta yadda mai karatu zai iya ƙirgawa: tsakanin Malika da Wale shekara ɗari biyar da ɗoriya ne, duk wani sadauki da aka ƙaro kuma za a san gurbinsa. Mu ma muna da irin wannan a gida. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, ya bar ƙasa ana tsakiyar yaƙi da Nasara, ya yi zamansa a ƙasashen aljannu, da ya komo sai ya tarar duniya ta sake. Daɗin irin wannan labari yana cikin mamakin baƙon da ya zo daga jiya, kuma mamakin ba ya yin armashi sai an san tsawon lokacin da ya wuce.

Inda gizo ke saƙar shi ne kusancin turken. Shekara goma kacal ke tsakanin 2015 da 2025. Muna iya fahimtar dalili, domin wanda ke son ya yi magana a kan cin hanci da rashin tsaro na yau ba zai so ya yi nisa ba, kada mai karatu ya ce wannan matsalar jikokinmu ce. To amma ga shi 2025 ta zo ta same mu, babu mai sulken da ke shawagi a saman Legas, wutar lantarki ma tana nan yadda muka san ta. Yaron da zai ɗauki littafin nan gaba zai karanta shi ne a matsayin labarin wata jiya da ba ta taɓa faruwa ba. Labarin bai mutu ba, sai dai ya rasa ɗaya daga cikin makamansa, wato fargabar da ke sa mai karatu ya ce, anya ba haka za a wayi gari ba?

Hanyoyi Huɗu da Aka Gwada

Okupe ba shi ne farau ba. Idan muka duba manyan kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, za mu ga hanyoyi huɗu da aka bi, kowace da ribarta da hasararta.

Hanya ta farko ita ce a yanka shekara a rubuta ta ɓaro-ɓaro. A 1981 Chris Claremont da John Byrne suka yi wani shahararren labari na X-Men da ya nuna Amurka a 2013, mutum-mutumi na ƙarfe sun mamaye ƙasa suna farautar masu baiwa. A lokacin shekara 32 ta yi nisa. Kamfanin Marvel ya tsira ne da cewa ai wannan wata duniya ce daban da ta rabu da tasu, har ya kai ga ba kowace duniya lamba: babbar duniyar labaransu ita ce ta 616, ta wancan labari kuma ta 811. Wannan mafita ce ta mai wayo, amma tana da tsada. Idan kowace gobe tana iya zama ta wata duniya, me zai sa mai karatu ya damu da wanda aka kashe a cikinta? Hatta mujallar nan ta Ingila mai suna 2000 AD, da aka fara bugawa a 1977, ta wayi gari shekarar da ke sunanta ta zama tarihi, ita kuwa tana nan tana fita.

Hanya ta biyu ita ce a kai labarin can nesa inda rana ba za ta riske shi ba. Haka DC suka yi a 1958 da ƙungiyar matasan sadaukai ta Legion of Super-Heroes, suka ajiye ta a ƙarni na 30, shekara dubu a gaba. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. An gina labarin a kan cewa waɗannan matasa sun yi koyi ne da ƙuruciyar Superman, lokacin da yake Superboy. A 1986 kamfanin ya sake tarihin Superman, aka ce bai taɓa zama Superboy ba. Nan take ginin shekara dubu ya rasa harsashi. Aka yi ta faci, faci bai riƙe ba, har aka rushe tarihin ƙungiyar aka sake shi daga farko a 1994, aka kuma sakewa a 2004. Darasin a nan shi ne, gobe a kan jiya take zaune, wanda ya taɓa jiya ya girgiza gobe komai nisanta.

Hanya ta uku, wadda a ganinmu ta fi kowace gaskiya, ita ce ta Judge Dredd, wanda John Wagner da Carlos Ezquerra suka ƙirƙiro a cikin waccan mujalla ta 2000 AD. Labarin ya fara a 1977, an sa shi a 2099, daga nan kuma duk shekarar da ta wuce a wurin mai karatu, shekara guda ta wuce a wurin Dredd. Tazarar shekara 122 ba ta canzawa. Wanda ya riƙe fitowar 1982 ya san yana cikin 2104, ba sai ya tambayi kowa ba. Ribar ita ce mutanen labarin suna tsufa, yara suna girma su gaji iyayensu, yaƙin da aka yi shekara ashirin baya yana da marayu da masu neman fansa. Hasarar kuma, tauraron da kansa ya tsufa, dole marubutan suka riƙa nemo masa magungunan sabunta jiki. Bugu da ƙari, abokan gabarsa na birnin Sobiyet suna nan a ƙarni na 22, alhali Tarayyar Sobiyet ta wargaje tun 1991.

Hanya ta huɗu ita ce a ƙi faɗin shekara sam. Frank Miller a 1986 ya nuna Batman yana da shekara 55, ya dawo fagen fama bayan ya yi shekara goma da ajiye kaya, bai kuwa ce ga shekarar ba. Duk da haka zane ya tona asiri, domin shugaban ƙasar da ke ciki kamarsa ɗaya da Ronald Reagan, kuma ana tsakiyar zaman doya da manja da Sobiyet. Ashe ko marubuci ya rufe bakinsa, tufafin mutanensa da motocinsu da abin da suke tsoro za su faɗi shekarar da aka yi rubutun.

Akwai kuma abin da ke ƙara dagula lissafin duka. Kamfanonin nan ba sa barin manyan taurarinsu na yau su tsufa. Spider-Man ya fito a 1962 yana ɗan makarantar sakandare, har yau bai yi furfura ba. Iron Man ya sami rauninsa a yaƙin Biyetnam a labarin 1963, daga baya aka mayar da abin Afganistan. To idan yau ɗin tana tafiya haka kamar inuwa, ta yaya za a auna nisan gobe daga gare ta?

Yadda Ake Warware Lissafin

Makaranta masu naci ba su sallama ba. Sukan zauna da tarin mujallu su jeranta su, kuma shaidu uku suke nema. Na farko, shekarar da aka ambata a fili. Na biyu, shekarun mutane: wane yana yaro a labari kaza, ga shi da jika a labari kaza, saboda haka aƙalla shekara arba'in ke tsakani. Na uku, haɗuwar aukuwa: idan labarai biyu sun ambaci yaƙi guda ko annoba guda, to an sami ƙusar da za a haɗa su. In shaidun suka saɓa, na biyu da na uku ake fifitawa, domin lamba tana da sauƙin kuskure, amma ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Wanda ya zauna da malaman tarihi a Samaru zai ce ai wannan aikinmu ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, yawan shekarun da kowane sarki ya yi yake bayarwa. Da ƙirgawa baya-baya aka kai ga cewa Bagauda ya fara a 999, Muhammadu Rumfa kuma ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ita kanta Amina har yau ba a gama daidaita zamaninta ba. Littafin na Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda aka lissafa daga 1421 zuwa 1438. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sa sarautarsa a wajen 1536, shi ya sa littattafan makaranta da yawa ke fara mulkinta daga 1576. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai kimanin shekara 150. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka tattauna wannan saɓani a nazarinsa na tarihin Zazzau a ƙarƙashin sarakunan Hausa, wanda aka buga a 1970.

Da wannan ma'auni, mu koma kan Malika. Sa ta a ƙarni na 15 ya yi daidai da ruwayar Kano. Abokan gabar da aka ba ta su ne rundunar daular Ming ta ƙasar Sin, kuma a tarihi jiragen ruwan Ming ƙarƙashin Zheng He sun yi tafiye-tafiyensu ne tsakanin 1405 da 1433, har suka taɓa gaɓar Afirka ta Gabas. Ba su taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, wannan ƙagen marubuci ne, kuma yana da 'yancinsa. Abin lura shi ne ƙagen ya zauna a kan shekarun da suka yi daidai da juna. A nan ne muke ganin bambancin littattafan biyu: lissafin baya an yi shi da shaida ta uku, ya riƙe, lissafin gaba an dogara da shaida ta farko kaɗai, rana ta cim masa.

Mu Gwada da Samaru

Domin kada maganar ta tsaya a kan na wasu, bari mu ɗauka wani daga cikinmu zai rubuta labarin sadauki a Samaru a 2062, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello za ta cika ɗari, tun da a 1962 aka buɗe ta. Kafin ya zana mota mai tashi ko guda, ga abin da ya kamata ya zauna ya lissafa.

Idan tauraronsa yana da shekara 30, to a 2032 aka haife shi. Mahaifinsa zai kasance haihuwar wajen 2000, wato ɗaya daga cikin samarin da ke zirga-zirga yanzu tsakanin Samaru da Kongo. Kakansa, in Allah Ya ja kwanansa, haihuwar wajen 1970 ne, yana da shekara casa'in da 'yan kai. Wannan tsoho ba zai ba da labarin Sardauna a matsayin ganau ba, domin an kashe Sardauna a 1966. Canjin hannu na 1972 da canjin kuɗi na 1973 ma sai dai ya ce an gaya masa. Abin da zai tuna da idonsa shi ne layin mai na shekarun 1990 da shigowar wayar hannu a 2001. Marubucin da ya sa wannan tsoho yana cewa ya ga zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ya karya labarinsa da hannunsa, kuma tsofaffinmu da suka saba lissafin shekaru da yunwa da fari da mutuwar sarakuna su ne za su fara kama shi.

Sannan mu muna da nauyin da Baturen marubuci ba shi da shi, wato kalanda biyu. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka azumi yana kewaya damina da rani da hunturu cikin kamar shekara 33. A 2030 ma sau biyu watan azumi zai kama, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. A 2062 azumi zai faɗo ne a Janairu zuwa Fabrairu, cikin sanyi da hazo, Babbar Sallah kuma a watan Afrilu, cikin tsananin zafin bazara. Wanda ya zana hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau a wannan shekara, dawaki suna taka caɓi, dawa ta yi kai a gonaki, to ya yi kuskuren da ɗan makarantar allo zai iya gyara masa. Wanda kuma ya yi lissafin, ya sami kyauta: sadaukin da ke fafatawa da ƙishirwar bazara, ko ɓarayin da ke fakewa da hazon asubahin sahur.

Akwai ma wata ƙusa da sama ta tanadar masa. Tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley ta bayyana a 1910, ta dawo a 1986, kuma masana taurari sun lissafa dawowarta a tsakiyar 2061. Kakan nan yana ɗan shekara 16 lokacin zuwanta na 1986, ga shi zai sake riskar ta yana tsoho tukuf, shekara guda kafin labarin ya fara. Babu gwamnatin da za ta ɗage wannan rana, babu kamfanin da zai sake ta. Kuma ga ɗan Zariya abin yana da wani daɗi na daban, domin a nan ne kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, littafin da ya ɗauki yaron Hausa ya kai shi sararin samaniya tun kafin a haifi yawancinmu.

Kammalawa

Ba muna cewa marubuci ya zama boka ba. Gobe ta Allah ce, kuma babu wanda zai zarge ka don motar da ka zana ba ta zo ba. Abin da mai karatu ba ya yafewa shi ne labari ya ƙaryata kansa, a ce wane ya mutu a babi na uku kafin a haifi wanda ya kashe shi. Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kafin a fara rubutu a sami takarda guda a jera haihuwa da mutuwa da manyan aukuwa, da Miladiyya da Hijira gefe da gefe, a manna ta a bango. In za a yanka shekara, a ba ta tazarar da ta wuce rayuwar marubuci, ko kuma a shirya tafiya da ita shekara bi shekara kamar yadda masu Dredd suka yi. In kuwa labarin mai ci gaba ne, littafi na ɗaya da na biyu da na uku kamar yadda muka saba, kada a taɓa abin da aka riga aka kafa a baya don kawai a sami sauƙin babin yau.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya hana mu barci shi ne wannan. A Samaru akwai sashen koyar da zane da ya haifi su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Akwai malaman tarihi, akwai malaman Hausa, akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, har ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunan Amina, duk a cikin harabar da mutum zai zaga da ƙafa. Amma Aminar zane da ta fi yin suna a duniya daga Amurka ta fito, da Turanci take magana. Ba laifin Okupe ba ne, shi ya yi nasa. Saura mai labari da mai zane da mai tarihi na gida su zauna a tabarma guda, su yi lissafinsu daidai, su sa tasu ranar. Allah Ya ba mu ikon cikawa.